Bin Turakun Wuta Zuwa Gazawa

Bikin 'yar kawuna ne ya fitar da ni daga Katsina bayan ƙaramar Sallar 2025, bazara na tsakiyarta. Kawu ƙanen mahaifiyata ne, mazaunin Gazawa a jihar Maraɗi, irin zumuncin nan namu da iyaka ta ratsa ba ta yanke ba. Ina kuma da wata buƙata ta biyu. Aikin wuta ne sana'ata, ina haɗa wa mutane sola da batir a gidaje da shaguna, kuma tun ina koyon aiki nake jin labarin babban layi mai kilobolt 132 da ya tashi daga Katsina ya tsallaka iyaka ya sauka Gazawa, daga nan ya rabu biyu, reshe ɗaya ya yi yamma zuwa Maraɗi, ɗaya ya yi gabas zuwa Damagaram. Na so in ga inda yake sauka, in kuma ga yadda mutanen ƙarshen waya ke zaune da wutar da yake kawo musu.

Da sassafe muka bar tasha, domin a 'yan shekarun nan ba mai son yamma ta riske shi a hanyar Jibiya. Shingayen jami'an tsaro sun yi yawa, kuma ba fasinjan da ya yi ƙorafi, kowa ya san abin da ya kawo su. Hirar mota ta koma kan layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Wani dattijo mai fataucin albasa ya ce shi dai fatansa ya ga buhunansa cikin tarago kafin ya bar duniya. A Magama aka duba takardu, muka wuce.

Teburin 'yan canji shi ya fi tsaya mini a rai a iyaka. Wajen 2014 jikka ɗaya ta sefa, wato dubu, ba ta wuce naira ɗari uku da 'yan kai ba. Wannan karon sai da na ajiye fiye da naira dubu biyu kafin a miƙo mini ita. Lissafin kasuwa a can da dala ake yi, dala ɗaya sefa biyar. Mai ruwan leda ta ce dala biyar, mai kabu-kabu ya ce dala arba'in, kai kuma kana ninkawa a zuci, sannan ka juya zuwa naira ka ji abin ya yi maka nauyi. Da mu ne ke shiga kasuwar Maraɗi da faɗin rai mu sayi shinkafa da atamfa. Yanzu su ne ke zuwa Jibiya da Katsina suna ganin araha.

Kwalaben fetur da aka saba gani a jere daga Ɗan Isa har Maraɗi, wanda ake tsallako da shi daga wajenmu, sun ragu ƙwarai tun da aka cire tallafi a Najeriya a Mayun 2023. Gwamnatin Nijar ta sauko da lita zuwa sefa 499 a Yulin 2024, gas kuma 618, amma a watan Maris da ya gabaci zuwana an sha dogon layi a gidajen mai. Na kawo zancen mai ne domin duk inda wuta ta gaza, shi ake ƙonawa a madadinta.

A Maraɗi gidan wani aminin Kawu na sauka, Alhaji ne mai shagon kayan masarufi. Kafin in gama cire takalmi an kawo ruwa da ƙanƙara tana yawo a ciki, sannan fura mai kauri, da dare kuma tuwon gero da miyar kuka da dambun zogale. Ya ce zogalen daga Jiratawa yake, inda ake noman rani da famfunan lantarki da ke jawo ruwa daga rijiyoyin burtsatse, kuma in wuta ta ƙi, layin ban ruwa na manoma gaba ɗaya sai ya rikice. Muna cikin wannan hira, bayan magariba kaɗan, fanka ta tsaya. Yara suka ce kuran ya tafi, ba wanda ya ko ɗaga kai. Aka fito da katifu tsakar gida, gurup-gurup na maƙwabta, wato janareta, suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Da na rufe ido sai in rantse a unguwarmu nake, ƙarar iri ɗaya ce, warin hayaƙin ma haka.

A nan Alhaji ya ba ni labarin daminar 2023. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, a farkon Agusta kuma Najeriya ta katse wutar da take turawa, bisa takunkumin ECOWAS. A lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Najeriya yake sayo ta. Ba a mayar ba sai a Maris na 2024. "Ɗana," ya ce da ni, "wanda ya yi juyin mulki bai kwana cikin duhu ba. Mu da ke da firiza cike da kaya, da mata masu ƙanƙara, da majinyata a likita, mu muka ji a jikinmu." Ba da faɗa ya faɗa ba, yana ma zuba mini shayi. Na ji nauyin maganar, domin ta garinmu wayar ta biyo, kuma waɗanda aka yanke wa kawunnanmu ne da gwaggwanninmu.

Wannan dogaro ya daɗe. Layin Birnin Kebbi zuwa Yamai tun 1976 yake aiki da wutar Kainji, na Katsina zuwa Gazawa kuma ya biyo baya a 1994. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ita kanta Katsina wutsiya ce. Wutarmu sai ta baro Shiroro ta bi Kaduna ta sauka Kumbotso a Kano kafin ta iso mu. A Oktoban 2024, da manyan layukan da ke ciyar da Arewa suka lalace, jihohinmu sun yi kwanaki cikin duhu. In Katsina ba ta samu daga sama ba, ba ta da abin da za ta miƙa wa Gazawa. Ko a watan da nake can, ministar makamashi ta Nijar ta bayyana cewa abin da Najeriya ke turawa ya sauko daga megawat 80 zuwa 46.

Daga Maraɗi na kama hanyar gabas zuwa Gazawa a motar haya, kan babbar kwaltar da ta ratsa ƙasar daga Yamai har Damagaram da gaba. Bayan Caduwa ido ya fara hutawa. Gonaki fayau suke, ba ko ciyawa, amma cike da itatuwa: gawo da ke riƙe da korensa a tsakiyar rani, da kalgo, da sabara, da aduwa. Wannan shi ne sassaben zamani da yankin ya yi suna a kansa, inda manomi ke barin tohon kututture ya gyara shi ya girma maimakon ya sare ya ƙone. Ƙauyen Ɗan Saga da ke cikin gundumar Agye har daga ƙasashen waje ake zuwa koyo a wurinsa. Na tuna gonakinmu na arewacin Katsina da aka aske, na yi musu sha'awar wannan.

A Agye na sauka don in ci abinci, sai na daɗe fiye da yadda na yi niyya. Ƙasar aya ce, da ita da Caduwa da Gazawa, kuma buhunanta har kasuwanninmu suke zuwa. Kusa da tasha na sami wata baiwar Allah mai kunun aya cikin kula, gora dala ashirin, mai sanyi har haƙori. Na ce, "Inna, da wannan zafi yaya kike yi bai lalace ba?" Ta buɗe kular ta nuna mini. Ƙullin ƙanƙara ne a leda, ta jera a ƙasa, ta jera gorunan, ta rufe da tsumma mai laima. Kunun aya ba ya haƙuri, in ya ji zafi 'yan sa'o'i kaɗan ya yi tsami. Ba ta da firiza, wurin wata maƙwabciya take sayen ƙanƙarar. Ranar da aka kwana da wuta takan samu da sauƙi, ranar da ba a kwana da ita ba kuɗin ya ninka, wani lokaci ma babu ko da kuɗinka. Don haka kafin ta jiƙa aya da dare sai ta dubi fitilar maƙwabta. In ta ga duhu ya daɗe sai ta rage mudu, domin gara ta sayar da kaɗan da ta zubar da mai yawa.

Gefenta akwai rumfar wani saurayi mai cajin waya, na tsaya na ƙare wa kayansa kallo da idon sana'a. Fano biyu na sola a kan rufin kwano, batirin babbar mota a ƙarƙashin tebur an ɗora shi kan katako, ƙaramar inbata da fankarta ke kuka, da allo mai soket fiye da yadda zan ƙirga, kowace waya an manna mata lamba, mai ita ya tafi da 'yar'uwar lambar. Yawancin wayoyin na mutanen ƙauye ne da suka shigo kasuwa. Caji dala goma. Na yi lissafi a tsaye: batirin waya ba ya ɗaukar abin da ya wuce wat-awa 15 ko kusa da haka, ke nan kilowat-awa guda a wannan rumfa ya haura sefa dubu uku. Mai mita a gari yana sayen wannan adadin a kan ɗari da wani abu, ko ƙasa da haka. Mutumin da ya fi kowa talauci shi ke sayen wuta ninki ashirin. Ba laifin yaron ba ne, shi ma ya ce batirinsa ba ya kai shekara biyu a wannan zafi sai ya sake wani. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke da lantarki, adana wuta ba sabon abu ba ne. Kowa na yi, a shago da masallaci da gidan mai gari, kowa da ɗan batirinsa, kowa kuma yana biyan tsada shi kaɗai.

Gazawa ba ta da nisa daga nan. Sai a 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta, da a ƙarƙashin Agye take. Kwarin Gulbin Kaba na kusa, ga goruba ko'ina, mata na saƙar tabarma da faifai. Zancen biki ba sai na ja shi ba: an ɗaura aure, an yi addu'a, an ci shinkafa da naman jar akuya, an raba dakuwar aya da goro. Abin da zan faɗa shi ne karamci. Ɗakin da ya fi iska aka ba ni, fanka mai caji guda ɗaya da ke gidan aka ajiye a kaina, na yi-na yi a mayar wa tsofaffi aka ƙi. Kowane gida na dangi sai na shiga na sha fura, in na ce na ƙoshi a ce ai ba a ƙoshi da fura. Da na ciro kuɗi zan biya mai shayi, ya ce baƙo ba ya biya a teburinsa.

Bayan an watse ɗan Kawu ya ɗauke ni a babur zuwa tashar da layin ke sauka. Daga bayan shinge na tsaya, ba wurin shiga ba ne. Turakun ƙarfe sun taho a jere daga kudu, wayoyi sun sauko kan taransfoma, wasu turakun sun ɗauka sun yi gabas da yamma. Wuri ne marar hayaniya, in ban da gunjin taransfoma. Amma birane biyu mafi girma bayan Yamai, da Tasawa, da garuruwan da ke tsakani, duk a nan suke rataye. Akwai injunan gas da ake tayarwa a manyan garuruwa, akwai tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, wadda layi ya haɗa da Maraɗi, sai dai ƙashin bayan shi ne wannan waya guda. Na dubi filin da ke kewaye, na ga rana na dukansa tun safe ba mai amfana, na ce a raina nan ne wurin babban batir.

Da dare a ƙofar gida Kawu ya ce in yi masa bayanin abin da ya kai ni kallon ƙarfe da tsakar rana. Na ce, "Kawu, wutar layi tana kai-komo sau 50 a sakan guda, kuma dole abin da tashoshi ke bayarwa ya yi daidai da abin da jama'a ke ja a kowane lokaci." In ja ya fi samu, bugun sai ya sauko. In ya sauko da yawa, na'urorin kariya su yanke layi don kada injuna su ƙone, nauyin ya koma kan wani layin, shi ma ya faɗi. Abin da muke ji a rediyo ke nan idan an ce babban layin ƙasa ya faɗi, kuma a 2024 mun sha jin sa a Najeriya. Injin gas yana buƙatar mintuna kafin ya tashi ya ɗauki kaya. Batir kuwa kafin ƙiftawar ido ya amsa, ya cike giɓin, ya riƙe layi har injin ya iso. Yana kuma tallafar wuta a ƙarshen dogon layi, inda takan iso da rauni ta ƙona wa mutane firiza da injin niƙa. Aikinsa na biyu shi ne wanda kowa zai gane: ya sha wutar sola da rana lokacin da ta yi yawa, ya sake ta daga magariba zuwa bayan isha, lokacin da kowane gida ya kunna fitila da fanka.

Kawu ya yi shiru, sannan ya ce, "To ai rumbu ne. Amma ka sani rumbu ba ya haihuwar hatsi. In gona ba ta yi ba, me za ka zuba?"

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce gaskiyar da masu tallar batir kan tsallake. Batir ba ya samar da wuta, har ma yakan ci kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da aka zuba masa, ko fiye kaɗan. Da a ce akwai shi a Gazawa a Agustan 2023 ba tare da wata tashar samarwa ba, da 'yan sa'o'i zai yi ya ƙare, watannin duhu na nan yadda suke. Amfaninsa sai an haɗa shi da gonar sola mai girma a cikin gida. Shi ya sa ake auna shi da ma'auni biyu: megawat, wato ƙarfin da zai iya saki a lokaci guda, da megawat-awa, wato yawan abin da ke cikinsa. Na Bokhol a arewacin Senegal, wanda ya fara aiki a 2025 tare da sola mai megawat 16, megawat 10 ne da megawat-awa 20, ke nan awa biyu yana bayar da cikakken ƙarfinsa. Na Hex a garin Worcester na Afirka ta Kudu, da kamfanin Eskom ya buɗe a Nuwamban 2023, megawat 20 ne da megawat-awa 100, awa biyar ke nan, daga magariba har mutane su kwanta.

Abin ya fara jan hankalin duniya ne daga Kudancin Ostareliya. A Satumban 2016 guguwa ta kayar da turaku, jihar gaba ɗaya ta shiga duhu. A Disamban 2017 aka buɗe batirin Hornsdale da kamfanin Tesla ya haɗa, megawat 100 da megawat-awa 129, kuma aikin da ya fi yin suna a kai shi ne riƙe bugun layi idan wata babbar tasha ta faɗi ba zato. Ita ma jiha ce mai rana da iska da ke rataye a ƙarshen dogon layi daga maƙwabta. Tun daga 2010 farashin batirin litiyam ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari, shi ya sa abin da da sai ƙasashe masu arziki yanzu ya iso Malawi da Senegal.

Nijar ma ba a bar ta a baya ba a kan takarda. A Yunin 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 465 na Amurka don wani shiri na yankin mai suna BEST, wanda ya haɗa kai layi ƙauyuka a Muritaniya da Nijar da Senegal, da girka manyan batura a Kwaddibuwa da Mali da Nijar. A 2022 Bankin Raya Afirka ya amince da shirin RANAA, wanda a cikinsa aka tsara tashar sola mai megawat 20 a Maraɗi. A Goru Banda kusa da Yamai, sola mai megawat 30 ta fara aiki a ƙarshen 2023, ana tsakiyar takunkumi, kuma mutanen babban birni sun ga amfaninta da rana. Sai dai akwai abin da ya kamata mutanen Maraɗi su riƙe. Layin yankin Yamai daban yake da na Maraɗi da Damagaram, kowane da igiyarsa zuwa Najeriya. Akwai shirin haɗa su ta layin Zabori zuwa Malbaza, amma kafin a yi haka, batirin da aka ajiye a yankin Yamai ba zai juya fanka ko ɗaya a Agye ba. Yankin nan na Maraɗi da Damagaram, wanda ya fi ko'ina yawan jama'a a ƙasar, yana buƙatar nasa.

Ba kuma abu ne da za a sauke daga mota a tafi ba. Kwantenoni ne cike da ƙwayoyin batir, suna son sanyi wajen digiri 25, a garin da Afrilu ke haura 40. Dole a sanyaya su dare da rana, a tace ƙurar hunturu, a tanadi kariyar gobara, a kuma san inda za a kai su bayan shekara goma sha wani abu in sun tsufa. Na ga sola da yawa a ƙauyukanmu da aka buɗe da kiɗa, bayan shekara uku ta mutu saboda ba wanda aka koya wa gyara. Ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo a Maraɗi, ga yara irin mai cajin Agye da suka koyi haɗa fano da kansu. In za a kawo batir, a fara da su.

Daga Gazawa na komo Maraɗi na zarce yamma zuwa Gidan Runji. Tsibiri na nan dab da gari, fadar Sarkin Gobir tun 1836, bayan yaƙin Gawakuke. Ban tsaya ba sai gaisuwa da ido. Hanyar na bin kwarin Gulbin Maraɗi, wanda ya shigo daga wajenmu ta Jibiya, ya yi baka, ya sake komawa Najeriya ta ɓangaren Sakkwato. A rani yashi ne, amma ruwa na kusa a ƙasa, don haka sai ka ga lambun albasa da tumatir da ɗan injin ban ruwa na tari a gefe. Wasu sun sauya zuwa fano, kuma wannan aiki ne da ba ya buƙatar batir, tunda da rana ake ban ruwa.

Gidan Runji na da wani nauyi da Gazawa ba ta da shi. Tun 2019 dubban mutanenmu daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako nan suna gudun 'yan bindiga, aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Mutanen da su ma ba su da yalwa suka raba musu rijiya da gona. A tasha na ji harshen Sabon Birni da Isa a bakin masu tallar ƙuli-ƙuli. Duk wanda zai yi maganar iyaka da takunkumi, ya zo ya ga wannan tukuna.

A hanyar na ga abin da ya rage mini zumuɗi. Akwai ƙauyukan da manyan wayoyi suka bi ta kansu, amma ba ko kwan fitila ɗaya na layi a cikinsu. Babban batir a Gazawa ba zai yi wa waɗannan komai ba sai an sauko musu da ƙaramin layi da taransfoma, ko a yi musu tasu ƙaramar tasha ta sola da batir. Ayyukan biyu tare suke tafiya. In an ja layi zuwa ɗaruruwan ƙauyuka alhali wutar da ke kansa ba ta tsayawa, an ƙara masu rabon abin da bai isa ba ne, kuma an ƙara wa magariba nauyi. In an gyara layi ba a kai shi ƙauye ba, mai waya zai ci gaba da biyan dala goma.

Masaukina a Gidan Runji ɗakin baƙi ne na wani abokin ɗan Kawu, maƙeri mai walda a bakin kwalta. Ya yanka mini zabo, matarsa ta yi tuwon dawa, da safe aka kawo kunu da dogon burodi irin nasu mai ɓawo, dala talatin guda, wanda ya fi namu ƙoshi. Ƙofofi da tagogi yake yi, da amalanke. A bazara yawancin aikinsa tsakar dare yake yi, in gari ya yi barci wuta ta yi ƙarfi. Yana da gurup na gas, amma ya ce in ya yi ƙofa da shi, ribar ta tafi gidan mai. Yaransa biyu suna kwana a shago, da sun ga kwan ya kama sai su tashe shi.

Da ya ji sana'ata sai ya ɗauko takarda ya ce, "Malam, yi mini lissafi. Fano nawa da batir nawa za su riƙe injin nan?" Muka zauna na yi masa tsakani da Allah. Injin walda yana fizgar wuta da ƙarfi a lokaci guda, don haka yana son babbar inbata da batirin litiyam, na mota ba zai jure ba. Da na juya jimillar zuwa sefa ya duba, ya ce kuɗin ya fi na shagon da duk abin da ke ciki. Irin wannan fizga kuwa, in an raba ta tsakanin masu walda da masu niƙa da teloli na gari guda, babban batir ɗaya a tasha zai shanye ta ba tare da an ji ba, kuma kowa ya biya ta mitarsa kaɗan-kaɗan. Na ba shi shawara ya fara da ƙaramin abu, fano biyu da batir don fitila da injin gurza, walda kuma ya ci gaba da jiran layi.

Ya raka ni tasha da kansa, ya hana ni biyan kuɗin mota zuwa Maraɗi. Kafin mu tashi ya jawo babban ɗansa, wanda ya gama sakandare, ya ce yana so in an gama aikin damina ya turo mini shi Katsina ya koyi haɗa sola da gyaran inbata. Na ce ya turo shi, ɗaki akwai, kuma ya taho da takardunsa na makaranta domin akwai lissafi a cikin aikin.